Yadda Boaz Ya Yi wa Gonar Coci Tsari

Boaz Kumai ya shekara goma sha ɗaya yana aikin rubutu a wani ofis a Kafanchan, irin ofishin da fayil zai yi wata uku a kan tebur ba wanda ya tambaye shi. A kan wannan kujera ya zama babban manomi. Wani abokin aikinsa ne ya sa masa wasan noma a waya, kuma kafin shekara ta zagayo Boaz ya kai mataki na casa'in da biyu. Yana da shanu, yana da kaji, yana da injin niƙa, ga masarar da ke nuna cikin minti huɗu. Babban yatsansa na dama har ya yi kanta.

Wata Asabar ya je gida Fadan Kagoma, ya tarar da zumuntar maza na zaune a gindin mangwaron coci, ana maganar gonar ikilisiya. Baba Yafet, dattijon da ya shekara ashirin yana kula da ita, ya ce bayansa ya gaji, a nemi wani. Kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa.

Boaz ya gyara murya. "Matsalan noma a garin nan ba ciwon baya ba ne. Tsari ne babu. Ni yau da safe kawai na girbe masara sau shida."

Baba Yafet ya juyo da kunnensa mai aiki. "Sau shida? A ina gonan yake?"

"Ga shi a aljihuna."

Ya ciro waya ya miƙa. Baba Yafet ya matso da ita kusa da hanci, ya janye ta nesa, ya sake matsowa. "Shanun ƙanana ne."

"Daga sama ake kallonsu, Baba."

Fasto Azariya, wanda bai cika shekara da zuwa garin ba, ya yi murmushi. "Ɗan'uwa Boaz, amma ai wannan wasa ne."

"Fasto, direban jirgin sama ma a wasa yake fara koyo. Kun taɓa jin an ba mutum jirgi ran farko? Ni na gama nawa tirenin. Ku ba ni damina ɗaya. In mutanen Samaru Kataf ba su ɗauko bas sun zo kallo ba, ku cire ni daga rajista."

Da yake ba wanda yake son aikin, aka yi addu'a aka ba shi.

Mama Afiniki, mahaifiyar Boaz, ita ce shugabar zumuntar mata, kuma irin cittar coci a hannunta yake. Tun shekarar da cuta ta kama citta, matan suka yi ta bin ƙauyuka suna roƙo tasa ɗaya-ɗaya, suka haɗa, suka binne a inuwa suna gadinsa kamar jariri. Da Fasto ya kai mata labarin sabon mai kula da gona, ta ajiye muciya.

"Wane Boaz? Nawa?"

"Naki, Mama."

"Wanda na aika ya ciro mini albasa, ya kawo ganye ya bar kan a ƙasa?"

"Ya ce yanzu ya yi karatun abin."

Ta sake ɗaukar muciyarta. "Toh. Ubangiji ya taimake mu."

Ran Litinin Boaz ya ɗauki hutu a ofis, ya iso gona da farin takalmin ruwa da malafa mai faɗin faranti, shigar manomin cikin wayarsa sak. Ya ja igiya ya yanka gonar murabba'i-murabba'i, kowanne da lambarsa a kan kwali. Mata suka shuka gwaza a gefe ɗaya, suka shuka citta, suka ɗebo busasshiyar ciyawa suka lulluɓe ta kamar yadda ake yi tun kakanni, suka koma gida.

Washegari Boaz ya tsaya a bakin gona, hannu a ƙugu. Faustina, mai ba da waƙa a zumuntar mata, ta zo wucewa da tulun ruwa.

"Sista Faustina, wa ya zuba shara a gonan nan?"

"Ba shara ba ne. Bargon citta ne."

"Citta yana mura ne?"

"Rana yake tsoro."

"A lebul casa'in da biyu ban taɓa ganin citta da bargo ba. Ciyawa yana rage tauraro."

"Wane tauraro?"

"Ba za ki gane ba."

"Ni dai citta na sani," in ji Faustina, ta gyara tulunta ta wuce.

Ya ari manjagara, ya yini yana kwashe ciyawar, ya tara ta a gefe ya cinna mata wuta. Wannan ne aikin ƙarfi na farko da aka taɓa ganin Boaz ya yi a garin, har wasu suka tsaya kallo. Sai ruwa ya ɗauke kwana goma sha tara. Da cittar ta tashi tsirowa, ta fito nan ɗaya can ɗaya, kamar gashin kan Baba Yafet. Boaz ya ce tazarar zamani ce, kowane tsiro na bukatar wurin shan iska.

Daga nan ya koma kan dabbobi. Ya buga wa wani dillali waya a Kafanchan ya ce a aiko masa da akuyar madara, mai gemu, don duk awakin da ke ba shi madara a waya gemu gare su. Aka sauke dabbar daga bayan mashin, warinta ya riga ta shiga gona. Boaz ya ajiye bokiti a gefenta, ya ɗan ƙwanƙwasa mata kai da yatsa sau biyu, ya tsaya jira.

Mama Afiniki na zaune a kan kututture tana ɓarar gyaɗa. "Me kake jira?"

"Madara."

"Boaz, leƙa ƙasa."

Ya leƙa. Ya ɗago a hankali. "Wannan irin na ƙasan waje ne. Sai ya saba da wuri."

"In ya saba ka kira ni. Ina so in sha kafin in mutu."

Bunsurun ya cinye kwalin murabba'i na huɗu da na biyar, ya kwanta.

Babban tsarin kuwa na aladu ne. A waya, Boaz ya gano cewa manomi mai wayo ba ya ɓata lokaci wajen tafiya, komai kusa da komai ake ajiyewa. Saboda haka ya lallashi Baba Yafet ya ba coci aron aladunsa huɗu, ciki har da wani ƙato da ake kira Ciyaman, ya ce za a yi musu gida a tsakiyar gona, tsakanin gwaza da citta, yadda abinci ba zai yi nisa da baki ba.

Ya kira Eli kafinta ya nuna masa hoton shingen da yake so: fari, mai tsini-tsini, tsawonsa iya gwiwa.

Eli ya sosa ƙeya. "Oga, wannan shinge ko tsohon kaza zai tsallake."

"Shekara guda ina kiwon alade, ko ɗaya bai taɓa fita ba."

"Da wannan shinge?"

"Da shi. Alade yana girmama fenti."

A gida matarsa Regina, malamar firamare, ta ajiye masa tuwon acca ta zauna tana dubansa. "Baban Joanna, aladen cikin waya yana da hanci?"

"Yana da mana."

"Yana amfani da shi?"

"Maman Joanna, ke ki riƙe allo, ni in riƙe gona."

Aka kai aladu ran Laraba da hantsi. Kafin azahar babu gwaza. Ciyaman ko tsalle bai yi ba, ɗaga ƙafa kawai ya yi ya wuce, sauran suka bi shi a layi kamar masu zuwa ba da baiko a coci. Boaz ya zagaya shingen sau uku yana bincike, ya gano inda kuskuren yake: fenti shafa ɗaya aka yi. Ya sa aka ƙara shafa ta biyu, ya kafa allo a ciki, yana kallon aladun, an rubuta BA A FITA. Eli dai ya nemo igiyoyi ya ɗaure kowane alade a turke. Boaz ya amince da igiya na ɗan lokaci, amma ya tsawaita ta Ciyaman, wai babba ne, a ba shi girmansa. Tsawon ya kai daidai murabba'in citta. Kullum da safe sai a ga tazarar zamani ta ƙaru, Ciyaman kuma yana kwance yana atishawa.

Abu na ƙarshe da ya rage gonar ta cika shi ne zuma. Wani mai zuma daga wajen Kwoi ya kawo amya cike da ƙudan zuma, an toshe bakinta da tsumma. Ya ɗaga kai yana neman doguwar bishiya.

"A nan za ka ajiye," in ji Boaz, yana nuna wata kujera a bakin ƙofar gona. "In mutum zai fita, sai ya ɗebi zuma ya wuce."

"Maigida, waɗannan ba sa son mutane kusa. Kuma ba sa son ƙara."

"Nawa kiɗa ake musu daga safe har yamma, ba su taɓa ƙorafi ba."

Mai zuma ya ajiye amya, ya zare tsumma, ya hau mashin bai tsaya shan ruwa ba. Daga ranar kowa ta bayan gona yake shiga, har da Boaz, wanda ya ce yana gwada sabuwar hanya ce.

Fasto Azariya ya fara ramewa. Ya samu Boaz ya ce ko a zauna a sake duba tsarin. Boaz ya ce ai lokaci ya ƙure, domin ya riga ya rubuta wa Rabaran Zamani, shugaban gundumar coci, takardar gayyata zuwa Ranar Nuna Gonar Zamani, kuma Rabaran ya amsa. Fasto ya shiga ofishinsa ya rufe ƙofa. An ce ranar bai ci abinci ba.

Ran Asabar ɗin da aka sa, gari ya cika. Bas bai zo daga Samaru Kataf ba, amma mutum biyu sun zo a mashin, Boaz ya ce wakilai ne. Zumuntar mata suka fito cikin zanensu iri ɗaya, da ganga da tulun kiɗa da caki. Rabaran Zamani ya sauko daga mota da farar riga wadda guga ta kama ta sosai. Tun da safe Boaz ya kwance wa aladu igiya, don kada baƙi su ɗauka shingen ba ya aiki. Ya cika musu kwano da dusa, kuma a lokacin dai suna ciki suna ci.

Ya rataya lasifika a kafaɗa, ya tara jama'a a babbar ƙofa.

"Ya ku 'yan'uwa cikin Ubangiji, abin da za ku gani yau, kakanninmu sun so su gani ba su gani ba. A nan ba a wahala. A nan dabba ya san wurinsa, tsiro ya san wurinsa."

Rabaran ya leƙa ta kan kafaɗarsa. "Ina tsiron?"

"Yana hutawa, Rabaran. Yanzu zumuntan mata za su buɗe mana da waƙa."

Faustina ta dubi amyar da ke kan kujera, taku uku daga inda take tsaye. "A nan?"

"A nan. Da ƙarfi."

Ta dubi Mama Afiniki. Mama Afiniki ta ja mayafi ta rufe kanta ruf, ta koma can bayan motar Rabaran, ta ce daga nan ta fi jin waƙa. Faustina ta ɗaga murya, ganga ta amsa, tulu ya ɗauka.

Ba a kai baiti na biyu ba. Da farko mai ganga ce ta mari kuncinta, aka ɗauka salon kiɗa ne. Sai mai caki ta yi jifa da caki. Sai amya ta buɗe baki gaba ɗaya. Waƙar ta ci gaba na ɗan lokaci amma ba da kalmomin da aka koya ba. Wakilan Samaru Kataf suka gudu suka bar mashin. Baba Yafet, mai ciwon bayan nan, ya tsallake kunya uku a tashi ɗaya. Rabaran Zamani ya tattare farar riga ya nufi mota, ya tarar direba ya kulle kansa a ciki yana addu'a ido rufe.

"Kowa ya tsaya a murabba'insa," Boaz yake faɗa ta lasifika. "Ba sa harbi. Gaisuwa suke yi."

Ɗaya ta gaishe shi a leɓe, biyu a fatar ido.

Wani reshen ƙudan ya karkata tsakiyar gona. Ciyaman ya yi wani kuka da aka ji har bakin titi, ya bi ta cikin allon BA A FITA, ya fito da shi rataye a wuya. Sauran ukun suka watsu cikin citta, suna gudu suna tono, don alade ko a cikin tashin hankali ba ya manta hancinsa. Bunsuru ya tsinke igiya, ya duba duk filin, ya zaɓi Fasto Azariya.

A nan ne mutanen da suka ɓuya a bayan mangwaro suka ga abin da har yau ake kwaikwaya a garin. Boaz ya tsaya a tsakiyar gona, ya ɗaga babban yatsa, ya saita shi kan Ciyaman, ya ja iska zuwa wajen shinge. Alade bai motsa daga hanyarsa ba. Ya sake dannawa, ya riƙe, ya ja a hankali. Ya goge yatsan a riga ya sake gwadawa.

"Oga, ka gudu," Eli ya kira shi daga kan bishiya.

"Netiwok ne," in ji Boaz.

Daidai nan wayar ta yi ƙara a aljihunsa, alamar masara ta nuna. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa. Yana sunkuyar da kai Ciyaman ya shige tsakanin ƙafafunsa, ya ɗauke shi. Boaz ya zagaya rabin gonar coci a bayan alade, fuskarsa na kallon wutsiya, lasifika na kai wa duk garin abin da yake gaya wa Ubangiji. Tafiyar ta ƙare a kwazazzabon da ke ƙarshen gona. Boaz ya sauka a laka. Ciyaman ya sauka a kan dutse, ya karya ƙafa.

Sai da rana ta karkata ƙudan suka huce. Jama'a suka dawo ɗaya-ɗaya, kowa da irin kumburinsa. Fasto Azariya ya tsaya a bakin abin da dā gonar citta ce, yana dafe da inda bunsuru ya same shi. Ba tsiro ko ɗaya. Ya tuna matan da suka yi ta bin ƙauyuka da tasa, idonsa ya kawo ruwa.

"Mama, ku gafarce ni. Ni na ba shi. Irin da kuka sha wahala a kai ya tafi."

Mama Afiniki ta buɗe mayafi. Ko harbi ɗaya babu a jikinta. "Fasto, ni na haife shi. Buhu biyu na ba shi ya yi wasa. Sauran takwas suna gonan Faustina a bayan rafi, suna barci a ƙarƙashin bargonsu."

Fasto ya zauna a ƙasa ya yi godiya a wurin.

Ciyaman dai ya kasa tashi, dole aka yanka shi. Da aka gama, Baba Yafet ya ce a raba wa duk wanda aka harba, wato kusan duk ikilisiya. Regina ta kai Boaz kemis, ta dawo da shi gida. Kwamiti ya zauna da yamma ya cire shi daga gonar, ya kuma rubuta cewa ko furen gaban coci kada ya taɓa.

Abin mamaki, naman ya yi daɗi. Duk gidan da ya dafa, maganar ɗaya ce: ba a sa citta ba, amma ga ƙamshinta har cikin ƙashi. Rabaran Zamani da kansa ya aiko direba ya tambaya ko akwai saura.

Washegari Lahadi, da aka zo lokacin shaida a sujada, aka ga mutum ya taso daga bencin baya. Da tafiyarsa aka gane shi, don fuskar ta zama kamar kabewa, ido ɗaya a rufe, kunnuwa biyu sun kumbura sun toshe. Regina ta kama masa riga, ya zame. Fasto ya rufe ido.

"Ku yabi Ubangiji," in ji Boaz ta gefen baki.

Aka amsa a sanyaye.

"Na ji wasu suna cewa tsari ya lalace. Ina tambaya, wa ya ci nama jiya? Wa ya sa citta a tukunya? Babu. Wannan shi ne abin da nake gwadawa tun farko, ban faɗa ba don kada a sace mini ilimi. Alade mai yaji a ciki, na farko a Kudancin Kaduna. Baɗi in kwamiti ya tuba, zan ƙara musu barkono da albasa da ɗan gishiri, sai dai mace ta zuba ruwa kawai ta kunna wuta."

Wani a baya ya fara gyaɗa kai, kamar maganar ta soma shigarsa. Mama Afiniki ta ga haka, ta miƙe daga layin zumuntar mata.

"Fasto, a bar ni in ƙara shaida kaɗan. Shekara arba'in da uku ina zuba wa yaron nan citta a kunu. Har yau bai yi daɗi ba."

Ikilisiya ta fashe. Faustina ta faɗa jikin maƙwabciyarta, Baba Yafet na buga sanda a ƙasa, Fasto ya ɓoye fuska a bayan littafin waƙa kafaɗunsa na rawa. Boaz bai ji abin da uwarsa ta ce ba, saboda kunnuwan. Da idonsa ɗaya ya ga dai duk coci na tafi, wasu har da hawaye. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu biyu, ya juya dama ya juya hagu, yana cewa, "Ba ni ba ne, 'yan'uwa. Baiwa ne."